Kada Ka Kai Sadiƙ Gidan Mari

Sani,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da Hadiza da yara kuna lafiya. Gwaggonka ta dawo daga suna da maganar da ta hana ni barci, wai ka gaji da Sadiƙ, kana cigiyar inda za ka kai shi a sa masa mari.

Ban yarda ba, kuma in ka yi ban yafe ba. Ka manta abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019? Mutum sama da 300, har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabon bulala. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, da sunan gyaran tarbiyya. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ya gama cin tuwo, shi za ka sa a ɗaure? Wa zai ji kukansa a can? Wa zai gaya mini in an karya shi?

Hadiza ta faɗa mini abin da likita ya ce: ADHD, larurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya. A ƙwaƙwalwa take, kuma galibi gadonta ake yi. Don haka ka daina cewa uwarsa ce ta sangarta shi. Sangarta ba ta kawo ta, duka ba ya fitar da ita, sai dai ya ƙara masa taurin kai da ƙarya, har ya yarda cewa shi ɗan banza ne.

Za ka ce ni ma na dake ku. Na dake ku, ku bakwai, ga mahaifinku kullum yana kan hanya. Amma ban taɓa miƙa ɗayanku ga wani ya ɗaure ba.

Ba cewa nake a zuba masa ido ba, sakaci ma cuta ne. Doka ta zama kaɗan, ta yau ita ce ta gobe, bakinka da na Hadiza ɗaya. Kada ka haɗa masa aike uku. Kira sunansa, ya dube ka, ka ba shi ɗaya. In ya yi daidai ka yaba masa nan take, ko da takalmi ya ajiye a mazauninsa. Ya riƙa kwanciya da wuri, a bar shi ya buga ƙwallo ya gaji. In likita ya rubuta magani, a ba shi yadda ya ce, a koma ranar da ya sa.

Na san ka gaji, ɗana. In an yi hutu ka kawo mini maigidan nawa, ku ma ku sarara. Allah ya yi maka albarka, ya shirya mana shi.

Mahaifiyarka