Tarin Fuka Mai Kwanciya a Jiki: Kira Ga Mutanenmu na Legas

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana kan ƙwayar tarin fuka da ke kwance a jikin mutum, ba tari, ba zazzaɓi, ba ya kuma yaɗa ta.

A da ana cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya na ɗauke da ita. Ƙiyasin da aka fitar a 2016 ya nuna kusan kashi 23 cikin 100 ne, wato mutum biliyan 1.7, galibinsu a Asiya da Afirka. Adadin na raguwa, amma a hankali. A ƙasashen da cutar ta ja baya, ƙwayar ta fi yawa a jikin dattawan da suka kamu tun suna yara. A Najeriya kuwa, wadda ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu tarin fuka, sabbin kamuwa ba su tsaya ba.

Cikin mutum 100 masu ɗauke da ita, 5 zuwa 10 ne za ta tashi musu, yawanci cikin shekaru biyun farko. Cutar HIV, ciwon suga, yunwa da shan taba na ƙara haɗarin. Ga shi a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago matasanmu na kwana da yawa a ɗaki guda, taga a rufe saboda sauro. Mutum ɗaya mai tari ya isa ya shafi duk ɗakin.

Don haka idan an samu mai tarin fuka, duk abokan kwanansa su je asibiti, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5. Za a fara tabbatar da cewa cutar ba ta riga ta tashi ba, ta hanyar tambayoyi, hoton ƙirji ko gwajin majina. Tsallake wannan mataki kuskure ne babba, domin maganin rigakafi, wanda ake bayarwa don hana ƙwayar tashi, ba ya isar wa cutar da ta tashi, yana iya sa ƙwayar ta bijire wa magani. Gwajin fata kuma, wanda ke nuna ko mutum na ɗauke da ƙwayar, sai an koma a duba shi cikin awa 48 zuwa 72, in an wuce haka a sake.

Maganin rigakafin iri-iri ne: isoniazid kullum har wata 6, ko isoniazid haɗe da rifapentine sau ɗaya a mako har mako 12. Rifapentine na mai da fitsari ja-ja, wannan ba abin tsoro ba ne, amma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Idan ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a dakatar da maganin a koma wurin likita, hanta ce ke kuka.

Inda aka fi samun matsala shi ne mutum ya ji lafiyarsa ƙalau ya watsar da magani, ko ya tafi gida Arewa lokacin damina. A sanar da ma'aikacin lafiya kafin tafiya domin a tsara yadda za a ci gaba. Muna roƙon sarakunan Hausawa da limamanmu su riƙa faɗar wannan bayan sallar Juma'a.

Wassalam.
Wasu ma'aikatan lafiya, Agege, Legas.