Hukuncin da aka yanke a bayan idon mutum yana da hanyar komawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Na rubuto ne in roƙi gidanku ya ware fili a kan wani al'amari da ke cin dukiyar ƴan kasuwar Maradi ba a sani ba, wato hukuncin da kotu ke yanke wa mutum ba ya nan. Da yawanmu in aka ce alƙali ya yanke, sai mu naɗe hannu mu ce ƙaddara ce. Alhali doka ta bar wa wanda ba a ji ta bakinsa ba hanyar dawo da shari'ar, sai dai hanyar ba ta daɗewa a buɗe.

Wani maƙwabcin shagona a babbar kasuwa, shi da abokinsa suka kafa kamfanin haɗin gwiwa irin wanda ake kira SARL, suna shigo da shinkafa da man girki. Saɓani ya shiga a kan rabon riba, abokin ya kai ƙara. Kowa ya san tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kaya ta Lome suke biyowa, su ratso Burkina Faso, a yi ta jiran ayarin da sojoji ke rakawa. Mutumin nan yana can yana bin motocinsa aka kawo sammaci. An kai shi tsohon shagon da ke rubuce a rajistar kasuwanci, aka miƙa wa yaron shago, takarda da Faransanci, yaro bai iya karatu ba. Ya ninke ta ya cusa cikin aljihun tebur tare da rasiɗai. Maigidan bai san ana shari'a da shi ba sai ranar da ya je banki zai biya direbobi, ma'aikacin bankin ya dube shi ya ce, "Alhaji, ai an riƙe asusunku da umarnin kotu."

Da ya je wurin lauya, tambayar farko ita ce: an ba ka sammacin hannu da hannu? Duk maganar a nan take. Wanda aka damƙa wa sammaci a hannunsa ya ƙi zuwa, ana ɗaukar hukuncin kamar da shi aka yi zaman, abin da ya rage masa shi ne ɗaukaka ƙara. Wanda kuwa sammaci bai kai hannunsa ba, yana iya shigar da abin da lauyoyi ke kira opposition: shari'ar ta koma gaban kotun da ta yanke, a sake ta daga tushe, kowa ya kawo hujjarsa. Amma in ya sake fashin zama, babu ta biyu. Kuma in alƙali ya riga ya ba da izinin zartar da hukuncin nan take, shigar da wannan takarda ba ta sakin asusun da kanta. Maƙwabcin nawa an karɓi tasa, yanzu ana sauraron su duka biyu.

Akwai kuma wadda ta fi wannan saurin kama mutum, wato umarnin biyan bashi da alƙali ke sa wa hannu bisa takardun mai bin bashi kaɗai. Wannan dokar OHADA ce, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashe 17 da Nijar ke ciki, wadda aka kafa a 1993, babbar kotunta kuma tana Abidjan. A da wanda ake bi yana da kwana 15 ya ce bai yarda ba. Gyaran da aka yi a 2023 ya mai da wa'adin kwana 10. Ina ɗan kasuwar da ya taɓa jin wannan a rediyo da harshensa? Kwana 10 ai ba ya isar mai jiran ayari ya iso gida.

Ba ina goyon bayan masu gudun kotu ba ne. Akwai waɗanda suke ɓuya da gangan don su gajiyar da mai haƙƙi, su kam hukunci ya hau kansu daidai ne. Ina magana a kan wanda bai ji ba bai gani ba, aka raba shi da jarin da ya yi shekaru yana tarawa saboda takardar da ba ta iske shi ba.

Don haka, Malam Edita, ku gayyato lauya da ɗaya daga cikin masu kai sammaci, waɗanda ake kira huissier, su yi bayani da Hausa, a buɗe layi mutane su yi tambaya. A tambaye su me ya sa ba a faɗa wa wanda ya karɓi takarda abin da ke cikinta da baki, ko a kira mai ita a waya, tun da lambar kowa tana rubuce a ƙofar shagonsa. Mu kuma ƴan kasuwa, wanda ya canza shago ya je ya gyara adireshinsa a rajista, ya kuma ja wa yaransa kunne cewa duk takarda mai hatimi a ɗauki hotonta a tura masa ta WhatsApp a ranar.

Na gode. Allah ya ƙara wa gidanku ɗaukaka.

Naka mai saurare,
wani ɗan kasuwa daga Maradi