A Riƙa Faɗa Mana Su Wane Ne Masu Yi Mana Sharhin Tattalin Arziki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina ɗaya daga cikin masu sauraron shirin nan naku na mako-mako da kuke gayyato masana su yi fashin baƙi kan matsin tattalin arzikin da ƙasar nan take ciki. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, da wuya mako ya wuce ban saurari shirin ba, galibi a kantin da nake riƙe wa littafin lissafi a kasuwar Kantin Kwari, inda maigidanmu da maƙwabta da yaran kanti kan kewaye rediyo idan ciniki ya lafa. Don ina ganin shirin da ƙima ne na ɗauki alƙalami, saboda akwai giɓin da ya daɗe yana damuna a cikinsa.

Giɓin shi ne ba ku gabatar mana da baƙinku yadda ya kamata. Sai mai gabatarwa ya ce yau yana tare da masanin tattalin arziki, ko mai sharhi kan al'amuran yau da kullum, daga nan a shiga magana, ba tare da an gaya mana inda mutumin yake aiki ba, ko yana riƙe da muƙamin siyasa, ko yana yi wa gwamnati ko wani banki ko wata ƙungiyar ƙasashen waje aikin ba da shawara ana biyansa.

Ga abin da ya faru a gabana a watan Fabrairun 2025. Wani baƙonku ya ce hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamba zuwa kashi 24.48 a watan Janairu, kuma wannan shaida ce cewa sauƙi ya fara samuwa. Alƙaluman gaskiya ne, daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fito. Abin da bai faɗa ba shi ne a tsakanin watannin nan biyu hukumar ta sauya ma'auninta: ta mayar da shekarar da take kwatance da ita daga 2009 zuwa 2024, ta sabunta jerin kayayyakin da take bibiyar farashinsu, ta kuma rage nauyin da abinci yake da shi a cikin lissafin. Wanda ya auna hatsi da kwano jiya, yau kuma ya auna da wani mazubi dabam, ba shi da damar cewa hatsin ya ragu ko ya ƙaru sai ya faɗi cewa ma'aunin ya sauya. Bayan haka, ko da hauhawar ta ragu da gaske, ma'anarta ita ce kaya suna ci gaba da tsada amma ba da saurin da ba. Da shirin ya ƙare maigidana ya juyo ya tambaye ni ko ya dakata da saro sabbin dilolin atamfa tunda farashi zai karye. Na ɗauki lokaci mai tsawo ina warware masa abin da jimla biyu daga bakin baƙon nan za su iya warwarewa. Bayan 'yan makonni na samu labarin cewa baƙon mai ba wani ɗan siyasa mai riƙe da muƙami shawara ne. Ban ce ya yi ƙarya ba, kuma ban ce ba shi da ilimi ba, amma da an faɗa mana matsayinsa da mun san yadda za mu auna maganarsa.

Haka abin yake a ɗaya ɓangaren. Na sha jin baƙi suna tsine wa cire tallafi kamar daga sama ya faɗo, alhali a yaƙin neman zaɓen 2023 Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun yi alƙawarin cire shi, kasafin kuɗin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta bari kuwa bai tanadi kuɗin tallafin ba sai na wata shidan farko na shekarar. Muhawarar da ta dace ita ce ta yadda aka cire shi: ko daidai ne a haɗa shi da sakin naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin wannan shekarar, abin da ya sa dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,400 a farkon 2024, da kuma inda kuɗin da aka ce an yi tsiminsu suka shiga. Wanda yake ɓoye cewa shi ɗan wata jam'iyya ne ba zai so a kai ga waɗannan tambayoyin ba, domin suna taɓa gwamnonin kowace jam'iyya, waɗanda kason da suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru tun daga lokacin.

Mu a Kano mun san sojojin baka, kuma ba mu rikicewa a kansu, domin kowa ya san wanda suke yi wa waƙa, sau da yawa ma su da bakinsu suke faɗa. Wanda ya fi haɗari shi ne mai yin aikinsu cikin rigar malanta. Talaka yana girmama mai ilimi, idan ya ji an ce dakta ko farfesa sai ya sallama, kuma amanar nan ce nake roƙon ku kare, don amfanin masu sauraro da kuma amfanin malaman ƙwarai na Jami'ar Bayero da sauran makarantunmu, waɗanda ake yi wa kuɗin goro da masu sayar da ra'ayinsu.

Ina saurayi ina aikin akawu a wata masana'anta a Sharaɗa lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya buɗe muhawara a 1985 kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Jama'a suka ce ba sa so, aka ce an ji, amma a 1986 aka shigo da shirin sake fasalin tattalin arziki da ake kira SAP ɗauke da yawancin sharuɗɗan asusun, ciki har da karya darajar naira. Na tuna masana da yawa da suka yi ta ba mu haƙuri a rediyo cewa wahalar ta ɗan lokaci ce. Na ga yadda kuɗin kayan gyaran injuna da na sinadaran da ake shigowa da su daga waje suka gagari kamfaninmu, matsalar wutar lantarki ta ƙara a kai, har aka sallame mu, kamar yadda aka yi wa ɗimbin ma'aikata a Bompai da Challawa. Ban taɓa jin an dawo da ko ɗaya daga cikin masanan nan an tambaye shi abin da ya faɗa a baya ba.

Don haka roƙona shi ne a farkon kowane shiri a faɗi aikin baƙo da duk wata alaƙa da yake da ita da gwamnati ko jam'iyya ko kamfanin da maganar ta shafa, kuma idan wani ne ya ɗauki nauyin shirin a faɗi sunansa. Kuna da faya-fayan shirye-shiryenku na baya, saboda haka ba zai yi muku wuya ba ku sako wa baƙo abin da ya faɗa bara ku nemi ya yi bayani a kai. Sannan ku faɗaɗa wa kuke kira masani. Dillalin hatsi a Dawanau ya san abin da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya yi wa kasuwarsa, ɗan canji a Wapa ya san motsin dala kafin ya iso takarda, matar da take sayar da abinci kuwa za ta gaya muku kwana nawa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 yake yi a gidan mai iyali. Ku zaunar da su kusa da masu digiri, kowa ya ji tambayar ɗan'uwansa.

Idan kuna buƙatar waɗanda za su zo daga Kantin Kwari, a shirye nake in haɗa ku da 'yan kasuwar da za su taho da littattafan cinikinsu na shekaru ukun nan.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga unguwar Fagge, Kano.