Kada a Yanka Filayen Masaƙun Kakuri

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan Kakuri, unguwar da ke kudu da kogin Kaduna, wadda yaran yanzu ba su san ta da komai ba sai kangwaye, alhali a da ita ke tufatar da Arewa.

Jirgin ƙasa ne ya fara jawo baƙi zuwa wannan yanki na Gbagyi, domin a tashar Kaduna Junction ne layin Fatakwal ya haɗu da wanda ya taso daga Legas zuwa Kano. Da gwamnatin Sardauna ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila, sai aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a nan a 1957, ana kawo mata audugar Funtuwa da Gusau. Masaƙun Arewa Textiles da United Nigerian Textiles Limited (UNTL) suka biyo baya, aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975.

Mahaifina ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun. Da zarar jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, titi cika yake da kekuna, ma'aikata suna fitowa da burbushin auduga a kansu, masu abinci kuma suna jiran su a bakin ƙofa. A cikin abokan aikinsa akwai Bajju da Tibi da Ibo da Yarabawa, kuma ba a yin suna ko zaman makoki a gidan ɗayansu ba tare da sauran sun hallara ba. A ganina, wannan cuɗanya ta fi atamfar kanta daraja.

Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙun, har KTL ta rufe a 2002. Jirgin ƙasan Abuja da aka ƙaddamar a 2016 ma a Rigasa yake tsayawa, nesa da masana'antu.

Saboda haka ina kira ga gwamnonin jihohin Arewa 19, waɗanda su ne masu KTL, da kada su bari a yanka filinta a sayar wa masu gina gidaje. A samar wa yankin wuta tsayayya, a kuma gyara tsohon layin dogo domin ɗaukar kaya, ko masu zuba jari za su ga dalilin dawowa.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kakuri, Kaduna