Sanarwa ga Sababbin Shigowa

Assalamu alaikum ƴan uwa marubuta.

Muna yi wa waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan barka da zuwa. Wasunku na tambaya: wanda bai taɓa fitar da littafi ba, me zai ƙara wa rukuni? Da yawa kuwa.

Abin da ya fi yi mana ƙaranci shi ne mai karatu tsakani da Allah. Idan wani ya turo gajeren labari, "ya yi daɗi" kaɗai ba ya gyara masa komai. Ku karanta har ƙarshe, ku ɗora yatsa a kan wurin. Misali: "Malama, a farko kin ce uwar ta rasu yarinyar tana goye, amma can gaba ga ta tana tuna nasihar da uwar ta yi mata. Yaya aka yi?" Marubuci ba ya ganin irin wannan giɓi, domin idonsa ya riga ya saba da rubutunsa. Ku fara da abin da ya yi kyau, kuma a tsaya kan rubutun, kada a taɓa mai shi.

Wanda ya iya ƙa'idojin rubutu ya taimaka da haɗa kalmomi da raba su, da haruffa masu lanƙwasa. In gyaran ya yi yawa, a tura wa mutum shi kaɗai.

In za ku turo naku, ku faɗi abin da kuke so a duba: salo, ko zubi da tsari, ko hirar taurarin labari. Kuma don Allah kada a fitar da rubutun kowa waje sai da izininsa, yawancinsu ba a gama aikinsu ba.