Malaman lissafi, ku daina raba liniya aljebra da kalkulas

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana damuna. A jami'a ana koyar da kalkulas (lissafin yadda abubuwa ke canzawa) daban, liniya aljebra (lissafin jadawalin lambobi da miƙaƙƙun layuka) daban, kowa da malaminsa, ɗalibi ya haddace ya ci jarrabawa bai san ashe Ɗanjuma ne da Ɗanjummai ba.

Ai shi dirabatif, wato ma'aunin saurin canzawar abu a kalkulas, ba komai ba ne illa gangaren miƙaƙƙen layin da ya fi kusa da lanƙwasar zanen giraf a wurin da kake dubawa, to idan baribul (adadin da ke canzawa, irin su x da y) suka yi yawa sai wannan gangaren ya koma matiriks (jadawalin lambobi na liniya aljebra), wato Jakobiyan ɗin nan mai sunan Bajamushe Carl Jacobi, kuma dokar sarƙa (ta nemo dirabatif idan wani abu ya dogara da wani, shi ma ya dogara da wani) da yara ke kuka da ita ninka matiriks biyu ce kawai wallahi. Ko harafin r ɗin da ke fitowa in an juya intigiral (lissafin tara ƙananan yankuna) zuwa tsarin fola (na nuna wuri da nisa da kusurwa), ditaminan ɗin Jakobiyan ne, wato lamba ɗaya da ake fitarwa daga matiriks ɗin, amma sau da yawa sai a ce musu su riƙe shi haka nan ba bayani.

Malamai don girman Allah ku riƙa nuna musu wannan haɗin a allo tun daga aji biyu.

Nagode,
Wani malamin lissafi