Zuwa ga Uwata, kan maganar doktora

Assalamu alaikum Uwata,

Ya karatu, ya zafin Marwa? Mu nan Garwa lafiya lau alhamdulillahi, mamanki da ƙannenki duk suna gaishe ki. Saƙon muryarki ya iso, takardun da kika turo min ta WhatsApp ma na zauna na karance su tsaf, sai naga gara in rubuto miki dan ki samu abin da zaki riƙa komawa kina dubawa.

Toh na amince. Ki yi mastar ɗin, in Allah ya nufa ki wuce doktora, ki zama malamar jami'a a fannin kula da jama'a da wannan magani ta hanyar zane da kike so. Baffanki yace wane irin karatu ne wannan, yarinya ta gama lisans maimakon ta nemi konkur ta shiga aikin gwamnati sai ta koma raba ma yara fensir mai kala. Ban ga laifinsa ba, bai san abin ba ne. Na faɗa masa ba wasan yara bane, tun 1942 wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, ya raɗa ma abin suna, bayan shi kansa yayi jinyar tarin fuka yaga yadda zane ke ɗauke ma majinyaci ƙuncin zuciya. Yau a Ingila ba ka isa ka kira kanka da sunan wannan sana'a ba sai kayi mastar an yi maka rajista. Abin da yafi shigarsa kuwa labarin maƙwabtanmu ne, na yaran Darfur da suka gudo gabashin Chadi, aka basu takarda da fensir suka zana jirage da mahaya dawaki da bukkoki suna cin wuta, har a 2007 kotun duniya ta ICC ta karɓi zane wajen 500 daga cikinsu a matsayin shaidar yanayin abin da ya faru. Yayi shiru yace ashe.

Ni kuma ba a takarda na fara ganin abin ba. Lokacin ina koyarwa a firamare, bayan tashin bama-baman 2015, an kawo mana yara daga wajen Mora da Kolofata. Akwai wani yaro da ke zama can bencin baya, baya magana, ko sunansa ka kira sai dai ya ɗago ido. Amma in aka fita hutu sai ya ɗauki allonsa da alli ya zana babur da mutum biyu a kai, ya zuba masa ido, ya goge da hannun riga, ya sake zana shi, kullum haka. Muna ganin abin a gabanmu amma duk makarantar babu wanda aka koya ma abin da ake yi da yaro irin wannan. Wannan gurbin nake so ki cike, kuma shi yasa nake da sharaɗi.

Sharaɗina shi ne kar ki hau kan kujerar koyarwa da ilimin littafi kawai. Ki nemi istaj, ki zauna da yaran, a ofishin kula da jama'a ko da ƙungiyoyin agaji, ko da ba za a biya ki ko dala ba da farko. Sansanin Minawawo kusa da Makolo tun 2013 yake nan, mutane dubbai daga Borno, akwai yaran da a ciki aka haife su har sun girma basu san wani gida ba. Ga waɗanda rikicin Logon Birni na 2021 ya kora har Kuseri da tsallaken ruwa Injamena, ga na ambaliyar 2024 a Yagwa. Kuma ki gode ma Allah da bakinki, mutanen Minawawo da yawa suna jin Hausa, ga Fulatanci kin tashi da shi, ki ƙara da Larabcin Shuwa ko Barbarci ko kaɗan ne. Wanda yazo daga Yawunde ko Faransa sai da tafinta yake jin kukan yaro, kuma rabin maganar a bakin tafinta take zubewa. Ke kai tsaye zaki ji.

Sai maganar da tafi damuna, ki karanta ta da kyau. Zanen yaro amana ne. Ranar da kika fara rubuta kundin doktora zaki ji kwaɗayin zane mai tada hankali, mai jini da bindiga, dan shi ke sa malamai su gyara zama a wajen kare kundi, kuma shi ke jan masu bada tallafi. Uwata ki ji tsoron Allah a nan. Kar ki taɓa ce ma yaro zana min ranar da aka kashe babanka. Ki ajiye masa takarda da kala ki barshi, in ya zana akuya ku yi hirar akuya, in wata uku yayi yana zana akuya toh ki bishi a haka, ranar da ya shirya shi zai kawo sauran. Hukumar lafiya ta duniya ma ta hana a zaunar da wanda masifa ta faɗa wa a matsa masa ya kwashe labarin a zama ɗaya, dan yana iya fama ciwon ne kawai. Kar ki ɗauki hoton zane sai da yardar yaron da ta iyayensa ko mariƙinsa, yarda ta gaskiya wadda aka yi musu bayani da yarensu, ba a miƙa ma tsohuwa takardar Faransanci a dangwala mata yatsa ba. Ki cire suna, ki cire sunan ƙauye, kinsan yankinmu, zane ɗaya mai nuna gidan wane da fuskar wane yana iya jawo ma iyali ɗaukar fansa. Kuma kar ki zama mai duba, wai ja fushi ne baƙi baƙin ciki ne. Wani yaron jan fensir kaɗai ya rage a kwali. Ki tambaye shi, shi ya san abin da ya zana.

Ki san iyakarki kuma. Mai farfaɗiya, da wanda hankalinsa ya gushe, da mai maganar kashe kansa, wannan na likita ne, ki miƙa shi da hannunki ki bi sawu.

Iyaye zasu tambaye ki hukuncin zana abu mai rai, kar ki yi musu kallon marasa wayewa, tambaya ce ta addini kuma suna da haƙƙinta. Ki je wajen malamai ki nemi fatawa tun yanzu. Bayan haka ai ba takarda kaɗai ake aiki da ita ba, muna da yumɓu, da sassaƙar ƙwarya, da ɗinkin hula, da saƙar faifai, da lalle, ga dukawan Marwa da aikin fatarsu, ga matan Gawi kusa da Injamena da ke zana bangon ɗakunansu. Matar da ta rasa miji ba lallai ta yarda ta riƙe fensir ba, zata ce an maida ta yarinya, amma ki zaunar da su biyar da kaba a hannu kiga yadda baki ke buɗewa. A nan nake ganin bincikenki yake, abin da babu wanda zai rubuta sai ɗan ƙasa. Ki karanta aikin Dakta Lambo a ƙauyen Aro na Abekuta tun 1954, da na asibitin Fann a Dakar, yadda suka shigo da dangi da masu maganin gargajiya cikin jinyar masu taɓin hankali.

Hanyar jami'a kuwa doguwa ce, bana so a ruɗe ki. Mastar shekara 2, doktora 3 a takarda amma sau da yawa tana wucewa, sannan ki fara da koyarwar awa wadda kuɗinta kan makara, kafin a ɗauke ki asistan, sai sharje da kur, sai metir da konferans, sai farfesa, kuma kowane mataki sai da maƙaloli da aka buga. A 2018 an bada umarnin ɗaukar masu doktora 2000 cikin shekara uku, irin wannan ƙofa ba kullum take buɗewa ba, dan haka dosiyenki ya zama a shirye. Jami'ar Marwa a 2008 aka kafa ta, ta Garwa 2022, duk yara ne, suna buƙatar malamai 'yan yankin. Ki zaɓi malamin da zai duba kundinki dan yana karanta aikin ɗalibai, ba dan sunansa ba, ki tambayi waɗanda suka gama a hannunsa. Turanci ma ki dage da shi, yawancin littattafan fannin da shi aka rubuta.

In abin da kike ji a wajen yaran ya fara hana ki barci kar ki ɓoye, ki samu babba a aikin da zaki riƙa zama da shi kuna tattaunawa, ki kira mamanki, ki zo gida. Zuwa Makolo kuma banda tafiyar yamma, banda babur ke kaɗai, ki bi motar ƙungiya.

Kuɗin rajista zan turo miki ƙarshen wata ta Orange Money, ki faɗa min nawa ne daidai har da na fotokofi. Mamanki tace ki aiko da awon rigarki kafin sallah. Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke.

Babanki